Cikakken tallafin karatu a ƙasashen waje: mai 2:2 na da rabo, ko sai da hanya?

Mustafa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na gama digirin farko a fannin kimiyyar ƙasar noma da sakamako mai daraja ta 2:2 (Second Class Lower), makina ya tsaya gab da 2:1 da ke samanta. Tun bayan hidimar ƙasa nake koyarwa a sakandare, ƙarshen mako kuma ina aikin sa-kai da wata ƙungiyar manoma, muna nuna musu yadda ake haɗa takin gargajiya da na zamani. Burina in yi digiri na biyu a waje, amma ko kuɗin jirgi gidanmu ba za su iya ba. Wani ejan ya ce idan na biya shi zai samo min cikakken tallafi a Turai, wai yana da mutane a ciki. Shin in ba shi? Kuma don Allah a faɗa min gaskiya, mai 2:2 yana da rabo a wannan harka?

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka ba shi ko sisi. Tallafin Chevening na Birtaniya, DAAD na Jamus, Türkiye Bursları na Turkiyya, duk kyauta ake cike fom ɗinsu a shafinsu na intanet, kuma kai da kanka ake so ka cike. Kuɗin da ake biya na halas shi ne na neman gurbi a wasu jami'o'i, shi ma a shafin jami'ar ake biya kai tsaye. Duk wanda ya ce zai tabbatar maka da tallafi, abin da ba nasa ba yake sayar maka.

Abdulƙadir: Ejan dai ɓarawo ne, na yarda. Amma mu daina yaudarar yara. Wannan abu sai ɗan wane, ko wanda ya san wane. Na ga masu 2:1 mai ƙarfi sun nema sun gaji, na ga kuma wanda ubansa ke da kujera ya tafi. Mustafa, ka nemi sana'a ka riƙe, ya fi maka.

Malama Rabi'atu: Malam Abdulƙadir, ban yarda da kai ba, kuma ni ganau ce. Da Chevening na yi digirina na biyu, mahaifina manomi ne, ban san kowa a ofishin jakadancin Birtaniya ba sai ranar intabiyu. Rubutun da ka tura, wani kwamiti mai zaman kansa ne ke fara karantawa ya ba shi maki, daga nan ofishin jakadanci ya zaɓi waɗanda zai kira. Ta ina ɗan wane zai shiga?

Abin da nake so a bambance shi ne, ƙofofin iri biyu ne. Akwai tallafin da sai wata hukuma ta ƙasarka ta miƙa sunanka, kamar babban tallafin Commonwealth, wanda Birtaniya ke ba 'yan ƙasashen ƙungiyar renon Ingila, da Stipendium Hungaricum na Hungari. Akwai kuma wanda tsakaninka da masu bayarwa ne kai tsaye, kamar Chevening, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, Commonwealth Shared da ake bi ta jami'a, da na gidauniyar Mastercard da kowace jami'ar da ke cikin shirin ke tantance nata. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ƙofar farko ba, ga ta biyu a buɗe. Masu 2:1 da ka ga sun faɗi, ka tambaye su abin da suka rubuta. Yawanci a nan matsalar take.

Dakta Kabiru: Mustafa ya ce a faɗa masa gaskiya, to ga ta. 2:2 tana rufe wasu ƙofofi ruf. Gates Cambridge mutum kusan 80 kacal suke ɗauka a shekara daga duniya baki ɗaya. Rhodes da Clarendon na Oxford su ma masu sakamako mafi daraja suke nema. Kada ka ɓata ƙarfinka a can. Turkiyya sun rubuta a fili suna son kashi 75 cikin 100 ga mai neman digiri na biyu ko na uku. Chevening ba ta cewa lallai sai 2:1, amma dole ɗaya daga cikin kwasa-kwasai uku da ka zaɓa ya ba ka gurbi ba tare da sharaɗi ba, kuma galibin jami'o'in Birtaniya 2:1 suke so, ko da yake wasu na karɓar 2:2 idan akwai ƙwarewar aiki.

Shawarata ita ce wadda nake ba ɗalibaina. Ka yi digiri na biyu a gida, ka fito da sakamako mai kyau ƙwarai, ka yi bincike na gaske, in so samu ne ka buga shi a mujallar ilimi. Daga nan ka nemi digiri na uku a waje. A wannan matakin kuɗi ya fi samuwa, domin a Suwidin da Norwe da Denmak da Holan ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne, ana tallata gurbin kamar aiki, ana biyan albashi. A Jamus ma gurabe da yawa haka suke. Wanda ke ɗaukarka a can, abin da ka yi a digiri na biyu zai fi dubawa.

Nafisa: Dakta, da girmamawa, ni a ganina kada a ce ya jira shekara biyu ko uku kafin ya fara gwadawa. Yanzu haka ina cikin shirin Erasmus Mundus. Tsarinsa shi ne jami'o'i da yawa su haɗu su gudanar da kwas ɗaya, ka yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye, Tarayyar Turai ta biya kuɗin makaranta ta kuma ba ka Yuro 1,400 duk wata har tsawon wata 24. Kowane kwas yana da nasa ma'aunin, kuma da yawansu suna wallafa yadda suke raba maki: kaza na sakamako, kaza na wasiƙar manufa, kaza na ƙwarewar aiki. A ajinmu akwai wanda sakamakonsa matsakaici ne, amma ya shekara da shekaru yana aiki da manoma, kuma shi malamai suka fi saurara idan ana tattaunawa. Yaya Mustafa yana da irin wannan a hannunsa. Ya buɗe jerin kwasa-kwasan, ya nemo na ƙasar noma da na abinci da na muhalli, ya karanta ma'aunin kowanne.

Dakta Kabiru: Ban hana shi gwadawa ba, Nafisa. Abin da nake gudu shi ne ya zauna jiran sakamako shekara bayan shekara alhali lokaci na tafiya. DAAD, a shirinta na kwasa-kwasan raya ƙasa, tana son shekara biyu na aiki, kuma a ƙa'ida kada digirinka ya wuce shekara shida da kammalawa. Turkiyya sai ƙasa da shekara 30 a digiri na biyu, 35 a na uku. Japan ƙasa da 35. Ya yi duka biyun: ya shiga karatu a gida, yana kuma tura takardu waje.

Nafisa: A kan wannan mun haɗu.

Mustafa: Na gode ƙwarai. Malama Rabi'atu, kin ce matsalar a rubutu take. Me ake rubutawa da ba daidai ba?

Malama Rabi'atu: Ina duba wa ƙanne rubutunsu duk shekara, kuma kusan buɗewa ɗaya nake gani: tun ina yaro nake da sha'awar taimakon al'umma, ƙasata na fama da talauci da rashin shugabanci nagari, idan aka ba ni dama zan kawo sauyi. Mai karantawa ya ga irin wannan sau ɗaruruwa kafin ya zo kan naka, kuma babu abin da zai ba maki a ciki.

Chevening tambaya huɗu take yi: jagoranci, iya ƙulla alaƙa da mutane, dalilin zaɓen kwas ɗin, da shirinka bayan ka dawo. A ta jagoranci ba muƙami ake tambaya ba. Kai Mustafa, ka ɗauki rana guda daga aikinka da manoma. A ce sun ƙi yarda da abin da kuka zo da shi saboda wani ya taɓa kawo musu takin da ya ƙone shuka. Me ka yi? Ka roƙi wani dattijo ya ba ka kunya huɗu a gefen gonarsa, ka gwada a biyu ka bar biyu yadda aka saba, ka auna abin da aka girbe a gabansu, damina ta gaba mutum nawa suka biyo? Wannan shi ne rubutun. Matsala, abin da kai ka yi da hannunka, da abin da ya fito. Idan kana da adadi na gaskiya ka sa, idan babu kada ka ƙirƙira, domin a intabiyu za a bi layi-layi a tambaye ka.

A tambayar kwas kuma, ka ambaci darasin da ke cikin manhajar da sunansa, ka faɗi gibin da zai cike maka a aikin da kake yi. Yabon jami'a da cewa tana cikin manyan duniya ba ya ƙara komai, sun riga sun sani. Sannan ka lissafa sa'o'inka: suna son sa'a 2,800 na aiki, wato kimanin shekara biyu, kuma aikin sa-kai yana shiga.

Sadiya: Anti Rabi, to idan mutum Turancinsa bai yi ƙarfi ba, laifi ne ya sa ChatGPT ta rubuta masa?

Malama Rabi'atu: Ƙanwata, ki rubuta da kanki. Na'ura ba ta san dattijon nan da kunyoyinsa huɗu ba, abin da za ta ba ki shi ne irin wancan buɗewar da kowa ke yi, sai dai da Turanci mai santsi. Wasu masu bayar da tallafi ma sun gargaɗi masu nema a kai. Ki fara zubo labarin da Hausa idan ya fi miki sauƙi, ki mayar da shi Turanci, ki ba wanda ya iya ya gyara miki nahawu. Ranar intabiyu ke kaɗai za ki zauna a kujerar.

Malam Ɗanjuma: Akwai abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ke karya mutane a tsakiyar hanya: kafin cikakken tallafi ya fara biya, kai za ka fara kashewa. Fasfo, taranskirif (takardar makin darussan jami'a), jarrabawar Turanci, wani lokaci gwajin tarin fuka na bizar Birtaniya. Neman gurbi a Suwidin krona 900 ne. Amurka, bayan kuɗin fom na kowace jami'a, akwai dala 350 na rajistar ɗalibi da dala 185 na biza, ga shi tun 2025 an sanya wa ƙasashen Afirka da dama takunkumin biza, don haka a duba matsayin ƙasar mutum kafin a kashe kuɗi.

Ana iya rage wasu. Jami'o'in Amurka da yawa suna yafe kuɗin fom idan ka rubuta ka roƙa, da yawa kuma sun daina neman jarrabawar shiga ta GRE. Wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC a madadin jarrabawar Turanci ta IELTS, wasu a Turai suna karɓar wasiƙar jami'arka cewa da Turanci aka koyar da kai. Kuma sakamakon IELTS shekara biyu yake aiki, kada a yi gaggawar zana shi kafin a san inda aka nufa.

Sannan a kiyayi masu cewa karatu kyauta ne a Jamus. Gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma wanda ba shi da tallafi sai ya nuna Yuro 11,904 a rufaffen asusu kafin a ba shi biza. Gurbin karatu daban, tallafi daban.

Isuhu: Sannunku da ƙoƙari. Ni daga Nijar nake, da Faransanci na yi karatu. Duk abin da kuke lissafowa kamar na masu Turanci ne. Commonwealth ba mu ciki. Tallafin Eiffel na Faransa yana da iyakar shekaru a digiri na biyu, kuma jami'a ce ke miƙa sunan ɗalibi. Ga kuma yadda al'amarin biza ya dagule tsakaninmu da Faransa tun 2023. Mu ina za mu dosa?

Dakta Kabiru: Malam Isuhu, ku duba ƙasashen da ke koya wa ɗalibi harshensu da kansu. Turkiyya shekara guda ake yi ana koyon Turkanci a kan kuɗinsu, Koriya ta Kudu ma haka, Sin ma tana da shekarar harshe ga kwasa-kwasan da ake yi da Sinanci. A nan mai Faransanci da mai Turanci duk daga farko suke farawa. Akwai tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, Nijar mamba ce. Cikin Erasmus Mundus ma akwai kwasa-kwasan da ake yin wani ɓangare da Faransanci.

Kuma kada mu raina na cikin Afirka. Jami'ar Pan-Afirka ta Tarayyar Afirka tana ba da cikakken tallafi: ruwa da makamashi a Tlemcen ta Aljeriya, mulki da zamantakewa a Yawunde, kimiyya da fasaha a Kenya, kimiyyar rayuwa da ta ƙasa har da noma a Ibadan. Mai lissafi ko fizis ya nemi AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da cibiyoyi a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda. Ɗalibanta da yawa daga nan suke wucewa digiri na uku a Turai da Amurka. Akwai kuma Mandela Rhodes ga matasan Afirka masu son karatu a Afirka ta Kudu.

Maman Sadik: Ni tambayata ta iyali ce. Ina da yara biyu, ƙaramin bai kai shekara uku ba. Maigida ya amince in nema, amma barin yaron shekara guda yana min nauyi. Ana tafiya da yara?

Malama Rabi'atu: Maman Sadik, wannan ciwon na san shi. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana ɗaliban digiri na biyu na aji zuwa da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ko inda doka ta bari, kuɗin Chevening na mutum ɗaya ne, ba sa biyan bizar yara ko jirginsu ko inshorar lafiyarsu, kuma renon yara a can yana da tsada sosai. DAAD tana ba da ɗan ƙari na iyali a wasu yanayi, don haka ki duba ta da kyau. Erasmus Mundus kuwa ana sauya ƙasa tsakanin zango da zango, da ƙaramin yaro akwai wahala. Ku zauna da maigida da alƙalami ku yi lissafin haya da reno kafin ki zaɓi inda za ki nema. Wasu matan na zaɓar kwas na shekara ɗaya su bar yara wurin kaka, wasu na jira sai matakin digiri na uku inda ake samun albashi da izinin iyali. Duk wanda kika zaɓa, ba gazawa ba ce.

Abdulƙadir: To na ji. Amma sharaɗin da wasu masu tallafi ke gindayawa na a dawo gida bayan karatu, wa ke cika shi? A dawo a yi me? Wanda Allah ya fitar ya zauna kawai.

Malama Rabi'atu: A Chevening, hannu ka sa a takarda cewa za ka dawo ka yi aƙalla shekara biyu, kuma a kan wannan alkawarin aka zaɓe ka aka bar wani. Alkawari kaya ne. Wanda ya san ba zai dawo ba, akwai tallafin da ba su gindaya wannan sharaɗi ba, Erasmus Mundus na ciki, guraben digiri na uku masu albashi ma haka. Ya nemi waɗannan da zuciya ɗaya.

Dakta Kabiru: Kuma abin yana shafar na baya. TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, ta dakatar da tura malaman manyan makarantun Najeriya karatu waje daga Janairun 2025, cikin dalilan da ta bayar har da tsadar kuɗin waje da waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Ƙananan malamai da ke jiran layinsu su ne suka ɗauki asarar.

Abdulƙadir: Wannan gaskiya ne. Amma a gyara gida ma, domin mutum ya dawo ya tarar da ɗakin gwaji babu wuta, da me zai yi aikin da ya koyo? Ban janye wannan ba.

Mustafa: Yaushe ya kamata in fara, kuma wa zan roƙa ya rubuta min wasiƙar shaida? Malaman da suka koyar da ni ba lallai su tuna ni ba.

Dakta Kabiru: Shekara guda kafin lokacin da kake son tafiya. Chevening kan buɗe a Agusta ta rufe cikin kaka. Kwasa-kwasan DAAD kowanne da ranarsa, da yawa tsakanin Agusta da Oktoba. Erasmus Mundus daga Oktoba zuwa Janairu. Jami'o'in Amurka galibi Disamba. Hungari tsakiyar Janairu, Turkiyya daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, Japan ta ofishin jakadanci wajen Afrilu da Mayu. Ranakun kan motsa, don haka shafinsu ne alƙali.

Wasiƙar shaida kuwa, wanda ya san aikinka ya fi babban farfesan da bai san fuskarka ba. Fara da wanda ya duba kundin bincikenka na ajin ƙarshe. Je ka gaishe shi, ka tuna masa taken aikin, ka ba shi CV da bayanin tallafin da kwanan rufewa, wata biyu kafin lokaci. Na biyu ya zama shugabanka a makaranta ko jagoran ƙungiyar manoman. Ka roƙe su su yi amfani da adireshin imel na wurin aiki, kuma ka riƙa tuna musu cikin ladabi, domin wasiƙar da ba ta iso ba tana kashe fom ɗin gaba ɗaya. Idan ɗalibi ya zo min saura kwana biyu, abin da zan iya rubuta masa layi biyar ne da za su dace da kowa.

Taranskirif kuma ka nema tun yanzu. Nawa sai da na yi ta sintiri a ofishin rajista na jami'armu, fayil na kwance a kan tebur ana jiran sa hannun mutum ɗaya, har wata ranar rufewa ta wuce ni.

Nafisa: Ƙari ɗaya, Yaya Mustafa, kuma duk wanda ke karantawa ya yi shi yau. Ka jera fasfo, takardar haihuwa, sakamakon sakandare, shaidar digiri da taranskirif a gabanka, ka duba suna da ranar haihuwa harafi-harafi. Mu muna yawan samun Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko sunan uba ya zo gaba a nan ya koma baya a can. Ofishin biza da na jami'a suna iya tsayar da kai a kan wannan. Idan ka ga saɓani, ka yi takardar rantsuwa a kotu ko ka nemi a gyara tun yanzu, kuma duk fom ɗin da za ka cike, ka rubuta sunan daidai da yadda yake a fasfo.